Yadda Za Ka Gane Rinar Da Ke Kashe Murzuna a Zangarniyar Gero

Duk manomin gero daga Maraɗi zuwa Tawa da Damagaram ya san murzuna, tsutsar nan da ke shiga zangarniya tana yanke fure tana zagayawa, ta bar hanya a murɗe, sai ranar sussuka mutum ya ga rabin damin ƙaiƙayi ne. Uwarta wata faɗa-wuta ce mai yawon dare, masana na kiranta Heliocheilus albipunctella, kuma tun bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ta addabi gonakin Sahel. Abokiyar gabarta kuwa ba kowa ya taɓa lura da ita ba, don tsawonta milimita 2 zuwa 3 ne kawai. 'Yar rina ce mai suna Habrobracon hebetor, wadda cibiyoyin binciken noma na INRAN da ICRISAT da jami'ar Maraɗi suka daɗe suna kiwo suna saki a gonaki.

A aikina na malamin gona, manoma kan kawo mini ƙwaro a ƙulle cikin leda, duk ya murtsuke, su ce, "Malam, ko ita ce?" Ba ni da amsar da zan ba su. Ƙwaron da aka cafke yana shawagi ba zai faɗa maka abin da yake ci ba. Don haka kullum nakan ce a fara da tsutsar, a bar rinar ta fito da kanta a gaban idonka.

Ka shiga gona da safe a watan Agusta ko Satumba, lokacin da gero ya fara ido. Nemi zangarniyar da murzuna ta yi wa zane, ka bi hanyar da tsinke a hankali kana ɗaga furen. Lafiyayyar tsutsa da ka taɓa ta za ta nannaɗe ko ta yi ƙoƙarin gudu. Wadda rina ta harba tana nan kwance laƙwas, ba ta ruɓe ba, amma ba motsi. Dubi jikinta da gilashin ƙara girma mai ninki 10. Idan ka ga 'yan ƙwai farare dogaye a manne da fatarta, ko 'yan tsutsotsi marasa ƙafa suna tsotsarta daga waje, to ka kama hanya. Idan ka makara, abin da za ka tarar shi ne busasshiyar fata baƙa, da 'yan gidajen saƙa farare a jere kusa da ita.

Wannan cin daga waje shi ne shaidar da na fi dogara da ita. Macen Habrobracon takan harbi tsutsa da dafi ta shanye mata jiki, sannan ta ajiye ƙwai a kanta. Tana ma harbin fiye da waɗanda take yi wa ƙwai, shi ya sa za ka ga sumammun tsutsotsi ba komai a jikinsu, kuma duk aikinta ne. Sauran dangin rina ba haka suke yi ba. 'Yan Cotesia a cikin tsutsa suke girma, tana yawonta tana cin abinci, sai sun ƙosa su huda fata su fito su yi saƙa. Cotesia sesamiae, mai kama tsutsar da ke huda karan dawa da masara, tarin gidaje take yi a dunƙule. Cotesia icipe, wadda aka raɗa wa suna a 2017 daga Kenya, tana kama tsutsar masarar nan da ta ɓulla Afirka a 2016, ita gida guda tak take bari. Idan tsutsa ta sandare ta kumbura, cikinta maƙil da ɗaruruwan 'ya'ya, wannan aikin wata rina ce mai suna Copidosoma. Idan kuwa abin da ya fito ɗan kwanso ne mai ruwan ƙasa, sumul ba zare, to ƙuda ne, ka cire shi daga lissafin rina gaba ɗaya.

Yanke guntun zangarniyar da tsutsar, ka sa a kwalba mai tsabta. Tsutsa ɗaya, kwalba ɗaya. Wannan ƙa'ida ba na sassauta ta, domin da zarar ka haɗa biyu ba ka da bakin cewa wannan rina daga wannan tsutsa ta fito. Rufe bakin da ƙyalle mai laushi ka ɗaure da roba. Gidan sauro ba zai yi ba, ta ramukansa za ta sulale. Ajiye a inuwa, kan kwano mai ruwa saboda kiyashi, su ne manyan ɓarayin wannan aiki. Daga ƙwai zuwa babbar rina kwana 8 zuwa 12 ne a ɗumin damina. In ta fito kana son ta kwana biyu da rai, shafa ɗigon zuma a jikin ƙyallen.

Yanzu sai duba ita kanta. Fukafukai huɗu ne, na gaba sun fi girma, ƙugu a tsuke irin na zanzaro, ga ƙahonni biyu masu gaɓoɓi da yawa. Wannan ya sa ta cikin babban rukunin Hymenoptera, tare da ƙudan zuma da tururuwa. Mace tana da ɗan tsinke a ƙarshen ciki, da shi take harbi da ajiye ƙwai, ƙahonninta kuma sun fi na namiji gajarta da kauri. Ba ta harbin mutum, kada ka ji tsoron riƙe kwalbar.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma fiffike ne alƙali. Manyan iyalai biyu ne suka fi kama da juna, Ichneumonidae da Braconidae. Shimfiɗa fiffiken gaba a kan farar takarda, ka dubi rabinsa na waje, ƙasa da baƙin tabon da ke gefen sama. A Ichneumonidae akwai jijiyoyi biyu da suka gitta suka haɗa tsakiyar fiffike da ɓangaren ƙasa. A Braconidae ta farko ce kaɗai, ta biyun, wadda littattafai ke rubutawa 2m-cu, babu ita. Tamu 'yar Braconidae ce. Kyamarar waya da ka ɗora wa gilashin a baki takan nuna wannan, in hannunka bai rawa ba.

Mataki na gaba sai da madubin ɗakin bincike. Juya fuskarta sama: tsakanin leɓen sama da muƙamuƙai akwai wani rami zagayayye. Da shi ake ware reshen Braconinae, wanda tamu ke ciki, da 'yan uwansa daga su Cotesia, waɗanda bakinsu ba shi da wannan rami, jikinsu kuma galibi baƙi ne.

Launi fa? Shi ne abin da kowa ke fara kamawa, kuma shi ne maƙaryacin shaida. Habrobracon hebetor da ta girma cikin zafi takan fito rawaya-rawaya, wadda ta girma cikin sanyi ta yi duhu har ta kusa baƙi. Wanda ya tara na Satumba da na hunturu a faifai ɗaya zai rantse iri biyu ne. Kuma za ka iya samunta da rani, domin tana zaune a rumbuna da shagunan hatsi tana cin tsutsotsin da ke saƙa a cikin gero da shinkafa. Da ɗaya daga cikinsu ma, Corcyra cephalonica, ake kiwonta: ɗan buhun ashasha, a zuba gero da gari, tsutsa 25 da mata 2 da suka riga suka yi barbara, a rataya buhu 15 a kewayen ƙauye.

Sunan ƙarshe shi ne inda nake jan burki, kuma ina ba ka shawarar ka ja. Thomas Say ne ya fara bayyana ta a Amurka a 1836 da sunan Bracon hebetor, har yau wasu takardu da wannan suna suke fitowa, wasu da Habrobracon. Tana kuma da 'yar uwa, brevicornis, wadda kamarsu ta kai an daɗe ana gardamar ko ɗaya ne. Raba su aikin ƙwararru ne, da awon jijiyoyin fiffike da binciken ƙwayar halitta. Kai dai in ka ga ci daga waje, ga fiffiken Braconidae, ga ramin baki, rubuta Habrobracon ka tsaya a nan.

Abin da ya rage shi ne aikawa. Sa rina a 'yar kwalba mai sifirit: mai ƙarfin kashi 70 cikin 100 ya isa don duba siffa, amma binciken ƙwayar halitta yana son kashi 95. Haɗa maza da mata, kuma ka adana busasshiyar fatar tsutsar da gidajen saƙar a takarda daban, don da su ake tabbatar da wadda aka ci. Rubuta sunan gari, kwanan wata, irin shuka, da ko an taɓa sakin rina ko fesa magani a gonar. Da fensir za ka rubuta, sifirit na wanke biro, sannan ka jefa takardar cikin kwalbar tare da ƙwaron kafin ka miƙa wa ma'aikatan kare tsirrai na yankinku.