Yadda na daidaita famfona da iska da batir

A lambuna da ke Dadin Kowa, fankar iska ce ke cajin batir, batir kuma ya juya motar famfo, wato injin lantarkin da ke sa famfon jan ruwa. Shekarar farko na sha wahala: da na kunna famfon sai inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda motar ke amfani da ita, ta yi ƙara ta ɗauke.

Ashe irin wannan motar, lokacin tashi, tana jan wuta ninki 5 zuwa 7 na abin da take ci idan ta daidaita. Maganinsa VFD ne, na'urar da ke tada ita sannu a hankali, ta kuma ba ka damar rage gudu idan batir ya yi ƙasa. Fara sayen wannan kafin ka ƙara batir.

Sai ka koma haɗin batir na volt 48 maimakon 12, da waya mai kauri. Tawa ta da har ɗumi take yi a hannu.

Batirin ruwa kada ka zuƙe shi fiye da rabi. Fanka kuwa, ɗaga ta sama da bishiyoyi, don in gudun iska ya ninka, ƙarfinta sau 8 yake ƙaruwa. Ka tabbata kwantirola, na'urar da ke kula da cajin batir, na da inda za ta zubar da rarar wuta idan batir ya cika, in ba haka ba fankar za ta yi gudun da zai lalata ta.

Da hunturu, duk Juma'a nake kakkaɓe ƙurar motar.