Kafin ka ba magini kwangila a Tahoua

Da farko ka samu mai zanen gida ya fidda ma pilan, ɗaki nawa, tsawo da faɗi a mita, inda shadda za ta zauna.

Sai ka ɗauki takarda ka rubuta kaya dalla-dalla, simintin Malbaza ne ko na waje, buhu guda birki nawa za a buga da shi, nan ne ake cin mutane wallahi, birki na 15 ko na 20 (kaurinshi a santimita), ƙarfe na 10 ko na 12 (kaurinshi a milimita), kaurin tol na rufi, wa zai kawo yashi da ruwa. Zurfin tushe ma rubuta shi saboda damina.

Biya kuwa kashi-kashi, kar ka zuba duka tun farko. Ka ba magina uku takarda guda kowa ya faɗi kuɗinshi, wanda ka zaɓa ku sa hannu gaban shaidu.