Kafin ka huda bangon mai gida don rataya lasifika

'Yan uwa sababbin zuwa Ingila, barkanku da sauka. Na lura da zarar albashin farko ya shigo, sai a nufi kanti a kwaso ƙatuwar talabijin da rasiba (na'urar da ke karɓar sauti ta rarraba wa lasifika) da lasifika biyar da wufa (lasifikar da ke fitar da sauti mai nauyi), wai a mayar da falo gidan kallo. Ba laifi, mu ma ba mu ƙi kallon Firimiya da finafinan Kannywood cikin sauti mai daɗi ba.

Haɗin kansa ba wuya. Akwatin Sky (irin dikodar DStv ta nan ƙasar), PlayStation, duk abin da kake da shi ya shiga rasiba ta wayar HDMI, sannan waya ɗaya tak ta fito zuwa ramin talabijin da aka rubuta ARC ko eARC, don ta nan sautin YouTube da Netflix zai komo lasifika. Wayar lasifika kuwa ja ga ja, baƙi ga baƙi. Wutar nan daidai take da ta Najeriya, soket ma mai ƙafa uku ne. Dikodar DStv ce kawai za ka bari a gida, tauraronta bai kawo nan ba.

Inda ake kuka shi ne bango. Yaro ya ari injin huda, ya kafe talabijin, ya rataya lasifikar baya, ya bi gefen ɗaki da ƙusa yana jan waya, bai ko tambayi mai gidan hayar ba. Malam, ba gidan Baba ba ne. Kuɗin ajiyar da ka bayar ranar kama gida, wanda dokar 2019 ta ƙayyade kada ya wuce hayar mako 5 a yawancin gidaje, daga cikinsa za a cire kuɗin toshe kowane rami da fenti. Wani ƙanenmu ɗalibi haka ya tashi daga gida, rabin kuɗinsa ya tafi a ramuka, ya zo yana rantsuwa wai mai gidan ya ce masa ba komai. A ina ya faɗa? A baki. Nan ƙasar maganar baki iska ce, sai abin da aka rubuta. Nemi izini ta imel ka adana amsar. Ranar da ka shiga ka ɗauki hoton kowane bango, ka kuma tabbatar an sa kuɗinka a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, don can za ka kai ƙara idan an zalunce ka. Mafi sauƙi ma, sayi teburin talabijin da ƙafafun ɗora lasifika, ka tura waya ƙarƙashin darduma. Farantin tauraron ɗan'adam shi ma sai da izini.

Sai wufa. Benayen nan da yawa katako ne, dukan da kake ji kaɗan, na ƙasanka a ƙirji yake jinsa. Daga 11 na dare zuwa 7 na safe maƙwabci na iya kai ƙararka ƙaramar hukuma, kuma sau da yawa ba zai ƙwanƙwasa maka ƙofa ba, wasiƙa kawai za ka gani. Alhamdulillahi an san mutanenmu da kyakkyawan zaman maƙwabtaka, kada ku ɓata mana suna. Yawancin rasiba na da tsarin sautin dare, ku kunna shi.

Lasisin talabijin kuma, in dai kana kallon tasha kai tsaye ko BBC iPlayer (manhajar kallon shirye-shiryen BBC), dole ne ka biya, ya haura fam 170 a shekara. Tarar kallo babu lasisi na iya kaiwa fam 1,000.