Yadda ake auna ciwon majinyaci kafin a ba shi magani

Ɗaliban nas sun dame ni a inbox kan wannan, to ga shi a taƙaice.

1. Gaishe shi, ka faɗa masa abin da za ka yi.

2. Ka ce ya nuna maka inda ke masa ciwo da yatsarsa.

3. Tambayi irin ciwon: suka ne, zogi, raɗaɗi ko murɗa?

4. Tambayi yaushe ya fara.

5. Ka ce ya ba ciwon maki daga 0 (babu ciwo) zuwa 10 (ciwo mafi tsanani). Yaro kuma a nuna masa hoton fuskoki, daga mai murmushi zuwa mai kuka, ya zaɓi wadda ta yi daidai da ciwonsa.

Hattara: mutanenmu akwai dauriya, mutum na haɗa gumi yana cije leɓe amma ka tambaya ya ce maka "da sauƙi", musamman mata in surukai na tsaye a wajen, don haka kalli fuska ma.

6. Auna BP (awon hawan jini), bugun zuciya da numfashi.

7. Tambayi ko akwai maganin da jikinsa ba ya so.

8. Ba da abin da likita ya rubuta kawai.

Hattara: mai olsa ko ciwon ƙoda ba a ba shi diclofenac ko ibuprofen haka kawai. Paracetamol kar ya wuce giram 4 a rana ga babba. In morphine ne (maganin ciwo mai ƙarfi), sa ido kan numfashi.

9. Koma ka sake auna ciwon, minti 30 bayan allurar jijiya, awa 1 bayan ƙwaya.

10. Rubuta makin da lokacin a folda.