Yadda za ka tantance maƙiyinka na gaskiya kafin ka ɗaura gaba da wani

Ciniki ya tsaya wa mutum a kasuwar Dole ta Zinder, sai ka ji an ce aikin maƙiya ne. Yarinya ta daɗe ba manemi, maƙiya. Hatsi bai yi ba a gonar wani alhali na maƙwabcinsa ya yi, nan ma maƙiya. To amma a shari'a ɗaukar mutum maƙiyi hukunci ne, hukunci kuwa ba ya tsayuwa sai da hujja. Ga yadda ake auna lamarin, daga wanda ƙiyayyarsa ta tabbata zuwa wanda zato ne kawai ya jefa shi cikin sahu.

Fara da wanda Allah Ya ambata da kanSa. A suratu Faɗir, aya ta 6, an ce Shaiɗan maƙiyi ne gare ku, sai ku riƙe shi maƙiyi. Ba a gindaya sharaɗi ba, ba a kuma bar ƙofar sulhu ba. Ibnu Kasir ya ja hankali ga wurare 3 da Alƙur'ani ya jera maƙiyi ɗan Adam da Shaiɗan kusa da juna: A'araf 199 zuwa 200, Mu'uminun 96 zuwa 98, da Fussilat 34 zuwa 36. A dukkansu mutum ana tunkuɗe sharrinsa da kyautatawa, don asalinsa mai karɓar alheri ne, Shaiɗan kuwa ba abin da ke maganinsa sai neman tsarin Allah. Kuskuren da ya fi yawa a cikinmu shi ne juya magungunan nan biyu: a yi ta a'uziyya in an hango maƙwabci, shi kuwa mai waswasin a saurare shi har dare ya raba.

Tsarin da ya zo a hadisai ba shi da tsawo. Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi sau 3 da safe, sau 3 da yamma. Ayatul Kursiyyu lokacin kwanciya. Bisimilla wajen shiga gida da wajen cin abinci, domin hadisin Muslim ya nuna da ita ake hana shi makwanci da abincin dare. "La ilaha illallahu wahdahu la sharika lahu" har ƙarshenta sau 100 a yini, tsari ce gare ka har maraice. Inda abin ke lalacewa shi ne a riƙe shi mako guda lokacin da hankali ya tashi, da an samu sauƙi a watsar.

Sai kuma ka san sawun Shaiɗan. Ma'ida 91 ta ce da giya da caca yake jefa gaba tsakanin mutane, Isra'i 53 ta ce ta bakin magana yake shiga. Hadisin Muslim ya nuna wanda ya fi kusanci da Iblis cikin rundunarsa shi ne wanda ya raba miji da mata. Saboda haka in rigima ta tashi kan jarka a layin famfo, ko a fadar samari ana shan shayi wasa ya koma zagin iyaye, tambayar farko ita ce wa ya ci riba. In fushi ya taso, yi a'uziyya, ka yi shiru, in kana tsaye ka zauna, in bai tafi ba ka kishingiɗa. Kada ka yi saki, ko rantsuwa, ko ka tura saƙon murya a wannan halin.

Maƙiyi na biyu zuciyarka ce, wadda suratu Yusuf aya ta 53 ta ce mai yawan umarni ce da mummuna. Maganar da ke yawo a wa'azi cewa mafi girman maƙiyinka ita ce zuciyar da ke tsakanin haƙarƙarinka, malaman hadisi sun raunana ta, kada ka jingina ta ga Annabi (SAW) kai tsaye, ko da yake ayar ta ƙarfafa ma'anarta. Gwajin mai sauƙi ne. Kafin ka kira wani maƙiyi, faɗa wa kanka abin da ya yi maka a jimla ɗaya, da rana da wuri. In abin da ya fito shi ne "ya sayi sabon babur" ko "bai gaishe ni yadda na saba ba", to hassada ce ko girman kai, kuma daga gidanka suke.

A kan mutane ne ake buƙatar natsuwa sosai. Ma'aunin yana Mumtahana 8 da 9: Allah bai hana ku kyautata wa waɗanda ba su yaƙe ku saboda addini ba, ba su kuma fitar da ku daga gidajenku ba, bai hana ku yi musu adalci ba. Aiki ake dubawa ke nan, yaƙa da kora da taimaka wa masu korar. Asma'u ƴar Abubakar ta tambayi Annabi (SAW) game da mahaifiyarta da ta zo mata Madina tana mushirika, ya ce ta sada zumunci da ita. Buhari ya ruwaito cewa wanda ya kashe wanda aka ƙulla amana da shi ba zai ji ƙanshin Aljanna ba, ƙanshin da ake jiyowa daga tafiyar shekara 40. Abin da ya faru a Zinder a Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, misali ne na rashin amfani da wannan ma'auni. Zafin taɓa mutuncin Annabi (SAW) gaskiya ne, amma Kiristan da ke Sabon Gari ba shi ya yi zanen ba, kuma Alƙur'ani ya maimaita cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Ko inda yaƙi ya tabbata, shelanta shi haƙƙin shugaba ne, ba na taron matasa bayan sallar Juma'a ba.

Tsakanin Musulmi kuwa lamarin ya fi tsanani. Hujurat 9 da 10 ta kira ɓangarori biyu da suka zare wa juna makami muminai, ta ce ƴan'uwa ne a sasanta su. Ina ga mai ƙabalu da mai sadalu, ko ɗan ɗariƙa da ɗan Izala da ke sahu ɗaya? A yi muhawara da hujja, wannan ba laifi. Amma wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar tana komawa kan ɗayansu, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito.

Akwai ayar da ake yawan yanke wa wutsiya, Tagabun 14, mai cewa cikin matanku da ƴaƴanku akwai maƙiya gare ku. An ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ta sauka ne kan mutanen da iyalansu suka hana su hijira. Nufinta iyalin da son su ke jan mutum ga barin wajibi ko cin haram, kuma ƙarshen ayar afuwa ne da kau da kai da gafara. Wanda ya karanta rabinta don ya muzguna wa matarsa ya ci amanar ayar.

Babbar masana'antar ƙera maƙiya ita ce ɗakin boka, ko da ya yi rawani ya riƙe carbi. Ba zai taɓa cewa ciwon nan shawara ce, a tafi likita ba. Cewa zai yi wata doguwar mace ce a cikin gidanku, kishiya ko uwar miji ko matar wa, don ya san kowane gida akwai irinta. Sihiri da kambun baka gaskiya ne, maganinsu ruƙiyya da Alƙur'ani, amma ɗora wa wani mutum takamaimai ba shaida zato ne da Hujurat 12 ta hana. Wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40, in ji hadisin Muslim. Labarin "an ce ya ce" da saƙon WhatsApp da aka yanko daga tsakiya su ma Hujurat 6 ta ce a bincika tukuna.

To in cutarwar ta tabbata fa, ya ci maka iyakar gona ko ya riƙe maka jika 50 ya ƙi biya? Wannan azzalumi ne a wannan mas'ala, ba maƙiyin addini ba. Kana da damar neman haƙƙinka, Shura 41 ta ɗauke maka laifi. Same shi kai kaɗai tukuna: "Yaya, maganar kuɗin nan ce ta kawo ni, yaushe za ka iya?" In bai yiwu ba ka sa dattijo ko limamin unguwa, sannan mai unguwa, sannan fada ko gaban alƙali, da shaidunka da takarda in akwai. Ma'ida 8 ta hana ƙin mutum ya kai ka ga yi masa rashin adalci, don haka kada ka ƙara ko dala a kan abin da kake bi, kada ka haɗa da ƴaƴansa.

Ƙaurace masa kuwa iyakarta kwana 3. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Birni da Zango na Zinder, ta ce sallama tana fitar da mutum daga ƙaura, kuma bai kamata ya bar yi masa magana bayanta ba. Dalilin gaggawar shi ne ana bijiro da ayyuka Litinin da Alhamis, a gafarta wa wanda bai yi shirka ba, ban da mutum biyu masu gaba, a ce a jinkirta musu sai sun shirya. Ka bar ƙofa a buɗe: Khalid bin Walid da ya juya yaƙin Uhudu kan Musulmi a shekara ta 3 bayan hijira, a ta 8 ya musulunta. Amma yafiya ba ta wajabta maka sake ba shi bashi ba, tunda ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya. In har za ka sake, a rubuta adadi da ranar biya gaban shaidu 2, kamar yadda Baƙara 282 ta tsara.