Yadda Ake Ba da Ƙoda Ba Tare da Karya Doka Ba

Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta haramta sayar da ƙoda ko wani sashe na jiki. Abin da ta halatta shi ne a mayar wa mai bayarwa kuɗin da ya kashe, kamar na mota da masauki. Duk dillalin da ya zo maka da maganar farashi, ka kama gabanka. Ike Ekweremadu, tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawan Najeriya, ɗaurin shekara 9 da wata 8 ya samu a Ingila a 2023 kan irin wannan harka.

Mai bayarwa sai ya kai shekara 18, kuma da yardarsa. Ya je asibitin da ke dashen ƙoda, irin na Malam Aminu Kano. Da rukunin jini ake farawa: mai O yana ba kowa, mai AB yana karɓa daga kowa. Sai a haɗa jinin mutanen biyu a gani ko na majinyacin zai yaƙi sabuwar ƙodar. Nan ne wasu 'yan'uwa ke faɗuwa, ko da ciki ɗaya suka fito.

Za a gwada hawan jini, ciwon suga, ƙanjamau da ciwon hanta, a ɗauki hoton ƙodojin biyu. Kada ka ɓoye wata cuta don tausayin ɗan'uwa, ƙoda ɗaya ce za ta rage maka.

Bayan tiyata, kada ka ɗaga kaya mai nauyi har wajen sati 6. Ka guji diclofenac da ibuprofen, suna cin ƙoda, kuma kowace shekara a duba maka jini da fitsari.