Rezin da hanjin agogo: kurakuran da na gaji da gani a hannun masu koyo

Tun da wannan sana'a ta yin kayan adon sitimfank da rezin da hanjin agogo ta fara shiga hannun matasa a nan Maradi, hotunan da ake turo mini kusan iri ɗaya ne: kan sarƙa mai danƙo da ya ƙi bushewa, ɗan kunne cike da kumfa, ko zobe da ya yi hazo har ba a ganin haƙoran agogon da ke ciki, wato ƴan tayoyin nan nasa masu haƙora. Kuma kowa rezin yake ɗora wa laifi, wai jabu aka sayar masa. Jabu akwai shi, ban musa ba. Amma yawancin ɓarnar daga hannunmu take, kuma tushenta ɗaya ne: muna kallon bidiyon mutanen da ke aiki a ɗaki mai sanyi a Faransa ko Amurka, mu ɗauki lokacinsu da awonsu yadda suke, mu manta da garin da muke zaune.

Ga wanda bai san salon ba, sitimfank ado ne da ke kwaikwayon zamanin injin tururi, wato Ingila ta lokacin Sarauniya Victoria, 1837 zuwa 1901, lokacin da tagulla da fata da tayoyi masu haƙora suka cika ko'ina. Sunan kansa a 1987 ya fito, daga marubutan ƙagaggun labaran kimiyya na Amurka. Mu dai namu shi ne mu kwance mataccen agogo, mu jera kayan cikinsa a ɗan mazubi, mu rufe su da rezin, wani ruwa mai kauri da ke daskarewa ya yi haske kamar gilas.

Zafi shi ne babban abokin gābarmu, kuma shi ya fi cin kuɗina. Rezin ɗin da ake kira efoksi kwalba biyu ne, A da B. Da ka haɗa su, su da kansu suke fitar da zafi, kuma zafin ne ke ƙara musu saurin daskarewa. Yawan abin da ka dama a kofi, yawan zafin da zai taru. Mintunan da aka rubuta a jikin kwalba, a ɗaki mai digiri 23 zuwa 25 aka auna su. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin aikinka da kusan rabi. Ke nan rezin mai minti 40 ya koma na minti 20 a digiri 35. To ina ga Afrilu da Mayu, da rana ke kai wa 40 a inuwa, balle ɗaki mai rufin kwano?

A irin wannan lokaci na karɓi aikin kan sarƙa na ƙawayen wata amarya. Biki ya matso, na dama kofi guda cur bayan azahar don in gama zubi a zama ɗaya. Ban kai rabi ba kofin ya ɗauki zafin da hannu ba ya iya riƙewa, robar ta fara lanƙwashewa, wani wari ya tashi, abin da ya rage ya dunƙule da tsinken damu a tsaye cikinsa. Waɗanda na riga na zuba kuwa, da yake rezin ɗin ya fara kauri, kumfar ta kasa fita, washegari na same su sun yi rawaya. Asarar rezin ba ta dame ni ba, ana sayen wani. Abin da har yau yake mini ciwo shi ne haƙoran tsofaffin agogunan da na daɗe ina tarawa, domin efoksi in ya kama ƙarfe ya bushe, fitar da shi lafiya sai an sha wuya, siraran ciki kuwa sai dai haƙuri.

Yanzu a bazara bayan sallar asuba nake zubi, hantsi na ɗagawa na rufe kwalabe. Ba na dama abin da ya wuce na kan sarƙa biyu ko uku a lokaci guda, kuma a kofi mai faɗin gindi, don zafin ya samu wurin fita. Kwalaben a ƙasa nake ajiye su, gefen randa, inda rana ba ta kaiwa. Wasu na sa nasu a firij. Ni ba na yi, saboda kwalba mai sanyi in ta fito cikin zafi sai ta yi gumi, ɗigon ruwa guda kuma ya isa ya sa aikinka ya yi fari-fari kamar an zuba madara.

Hunturu nasa salon daban. Da safe rezin yakan yi kauri, ya riƙe kumfa. Sai ka tsoma kwalaben a rufe cikin ruwa mai ɗumi na ƴan mintuna, ka goge jikinsu sarai kafin ka buɗe. Ga kuma ƙura. Kashe fanka, rufe taga, kuma kana gama zubi ka kife kwano ko roba a kai har kwana guda. Na ga masu barin aiki a buɗe a kan tebur cikin Janairu, su dawo suna mamakin abin da ya sa samansa ya yi ƙurji-ƙurji. A Agusta kuwa, ranar da hadari ya haɗu iska ta yi nauyi, saman efoksi kan fito da wani maiƙo mai hazo. Irin wannan rana gara ka yi wankin haƙora da jeri, ka bar zubi.

Sai awo. Haba jama'a, da ido ake auna wannan abu? Karanta kwalbarka. Wani ɗaya da ɗaya ne, wani biyu da ɗaya, wani da ma'aunin ruwa ake auna shi, wani da nauyi, kuma ba a musanya su, domin A ya fi B nauyi. Mai ma'aunin ruwa, sirinji biyu na farmasi sun ishe ka, kowace kwalba da nata, ka rubuta musu alama. Mai nauyi sai ƙaramin sikeli mai nuna giram. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu ƙara B wai don ya yi saurin bushewa. Wannan ɗabi'ar masu gyaran jikin mota ce, su da ke aiki da wani rezin dabam, foliyesta, mai warin nan da ke hawa kai, wanda ɗigon sinadari ke tayar da shi. Efoksi ba haka yake ba. Duk B ɗin da ya yi rara ba shi da abokin haɗuwa, nan zai zauna, aikin ya zama mai laushi ko danƙo har abada. Shanya shi a rana ba ta gyara shi. Sai dai ka kwashe shi tun yana taushi, ka wanke ƙarafan da alkol, ka sake. Damu kuma a hankali, minti uku, kana kankare gefen kofi da gindinsa. Ni har juyewa nake yi cikin kofi na biyu in ƙara damawa. Wasu na ganin ɓarnar kofi ce, ni kuwa tun da na fara ban sake ganin tabon danƙo a gefen aiki ba.

Yanzu agogon kansa, kuma a nan zan ɗan yi faɗa. Da farko, yawancin agogunan da ke zube a kasuwa masu batir ne. Tun da Seiko ya fito da na farkonsu a 1969 suka mamaye duniya, kuma in ka buɗe su ba ka samun komai sai ɗan allo, naɗin waya, da ƴan haƙora ƙanana, wasu ma na roba. Kada ka zuba kuɗinka a kansu. Agogon da ake wanawa da hannu kake nema, ko mai wana kansa da motsin hannu, irin su Seiko 5, Orient, HMT na Indiya, ko Raketa na tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Wurin masu gyaran agogo ake samun matattunsu, cikin gwangwanin da suke tara abin da ya gagari gyara.

To amma matattu na ce. Wani yaro ya zo mini da haƙora masu kyau cikin leda, yana murna. Na tambaye shi inda ya samo, ya ce agogon kakansa ne da aka ajiye a adaka, yana ma tafiya in an wana shi, shi ne ya sa filaya ya farfasa. Wallahi ranar sai da na rasa abin cewa. Agogon da ya yi shekaru yana aiki, wanda wanki da ɗigon mai kawai yake buƙata, an kashe shi don ɗan kunne guda biyu. Kafin ka sa sukundireba a kan kowane agogo, kai shi wurin mai gyara. Akwai wani dattijo da nake zuwa wurinsa kusa da babbar kasuwa. In na miƙa masa na ce, "Baba, a duba mini wannan, ya mutu ko da saura?" sai ya maƙala gilashinsa a ido, ya ɗan girgiza shi a kunne. In ya ce, "Wannan bar mini shi, zai tashi," to magana ta ƙare, musanya muke yi, ya ba ni matattu daga gwangwani. Shi ya samu na sayarwa, ni na samu haƙora fiye da na agogo ɗaya.

Wurin kwancewa abubuwa biyu ke da haɗari. Akwai wani ɗan gwangwani mai haƙora a ciki, shi ke ɗauke da naɗaɗɗen ƙarfen da ke ba agogo ƙarfi. In ka ɓalle murfinsa da garaje, ƙarfen zai iya tsalle ya yanke ka ko ya same ka a ido. Buɗe shi cikin tsumma, fuskarka a nesa. Na biyu ya fi tsanani: tsofaffin agogunan da lambobinsu da hannayensu ke haske da dare. Daga wajen 1910 har cikin shekarun 1960 da sinadarin radiyom ake yin wannan fenti. Hasken ya daɗe da mutuwa, fentin ya koma ruwan ƙasa yana marmashewa, amma gubar tana nan, domin radiyom sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Rezin ba ya tare ta. Kada ka kankare irin wannan fuska, kada ka hura ƙurarta, kada ka rataya wa ƴar mutane ita a wuya. In agogo ya tsufa ƙwarai kuma yana da wannan fenti, ni ko buɗe shi ba na yi.

Wanki kuma, wanda kusan kowa ke tsallakewa. Hanjin agogo da mai a jikinsa, tsohon mai da ya haɗu da datti. Rezin ba ya kama mai. Shi ya sa kake ganin wani farin zobe ko walƙiyar iska kewaye da haƙori. Jiƙa su cikin alkol mai lamba 90, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka bar su su bushe ƙarau a kan takarda. Kada ka wanke da ruwa, masu baƙin ƙarfe tsatsa suke yi nan da nan. Daga nan da hantsaki kawai za ka riƙa ɗaukarsu, maiƙon yatsa ma mai ne.

Kumfa yawanci ƙarƙashin haƙora take ɓuya. Zuba shimfiɗa siririya tukuna, ka tsoma kowane haƙori cikin rezin kafin ka ɗora shi, ka bi ramukansa da tsinken sakace. Bari ta yi kauri sannan ka zuba ta sama, in ba haka ba duk ƙarafan ƙasa za su nutse su taru wuri ɗaya. Laita tana fasa kumfar sama, amma wucewa ɗaya da sauri. In ka tsaya, mazubin silikon zai ƙone ya manne da aikin.

Masu amfani da rezin mai bushewa da haske suna ganin sun huta, tunda rana kyauta ce a garin nan ko an ɗauke wuta. Gaskiya ne, ƴan mintuna a rana ya bushe. Sai dai haske ba ya ratsa tagulla. Abin da ke ƙarƙashin haƙori yana nan ruwa, sama ta bushe ta rufe shi, bayan ƴan makonni ya fara tsatsafowa a jikin mai sanyawa. Zuba shi kaɗan-kaɗan, milimita 2 ko ƙasa da haka, kowace shimfiɗa ta bushe, sannan ka juya bayan ma ya sha haske. Kuma kada ka yi jeri a bakin ƙofa, zai daskare maka a kan tsinke.

Sauran ƙanana ne. Sa safar hannu, domin efoksi in ya saba taɓa fata yakan jawo ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma in jiki ya fara ƙin sa ba ya dainawa. In ya taɓa ka, sabulu da ruwa, ba fetur ba. Gugar samfefa da ruwa ake yi don kada ka shaƙi garin, daga lamba 400 zuwa 2000. Batiran da ka ciro kada su kwana inda yaro zai kai hannu, haɗiye su na iya kisa. Kada ka cusa haƙori ashirin a kan sarƙa ɗaya, uku ko huɗu da suka ciji juna kamar za su juya sun fi tsibi kyau. Maratayin ɗan kunne mai araha yakan ƙunshi nikel, yana sa kunnen wasu mata ruwa. Igiya kuwa, ban ga dalilin sayen ta roba daga waje ba alhali fatar jar akuyar Maradi na nan wurin dukawa, kuma ta fi dacewa da launin tagulla.

Jajayen duwatsun nan da ke cikin agogo, waɗanda ake rubuta adadinsu a fuska, 17 ko 21, yakutu ne na masana'anta da ake haɗawa tun farkon ƙarni na 20, ba su da wani kuɗi. Haƙoran ma tagulla ce, ba zinariya ba. Faɗa wa mai saye gaskiya. Ka kuma gaya mata ta fesa turarenta da humra ya bushe kafin ta rataya sarƙar, ta cire ta in za ta tsaya kan kaskon turaren wuta, kada kuma ta bar ta a taga, domin kowane efoksi rana na mayar da shi rawaya a hankali. Ni a ƴar takarda nake rubuta waɗannan in sa cikin ledar, don in an faɗa da baki kafin a kai gida an manta.